Zanzaron da Ba Ya Gini, Buzuzun da Ba Ya Gungura Kashi

Yaron Kano yakan san kalmar zanzaro tun kafin ya san mai sunan. Ranar da aka kai shi firamare malami zai tsaya a bakin aji ya ce kowa ya yi zanzaro, wato a cusa riga cikin wando a tsuke ƙugu. Sai daga baya, wata rana yana zaune a soro, zai ga wani ƙwaro baƙi mai ratsin ɗorawa ya shigo da curin laka a baki, ƙafafu na reto, tsakanin ƙirjinsa da cikinsa ba komai sai wani ɗan siririn tsinke. A nan zai gane inda aka samo sunan. Wanda ya fara kiran ɗaurin ɗan boko zanzaro ya ƙare wa ƙwaron kallo, kuma irin wannan kallo na tsanaki ne ya sa nake ganin darajar sunayen ƙwari na Hausa.

Duba yadda muka raba masu harbi da ke tashi. Ƙudan zuma daban yake, tunda ana shan moriyarsa. Sauran muka kasa su biyu. Ga rina mai zaman taro, wadda ke rataya gidanta a ƙarƙashin rufi ko cikin ganye, in ka taɓa ɗaya dukansu su taso maka. Ita ce aka ce akwai rina a kaba. Ga kuma zanzaro mai zaman kaɗaici, maginin laka, wanda zai yi wata guda yana shige da fice a ɗakinka bai harbi kowa ba. Masana ƙwari ma da suka zo da madubin ƙara girma, wannan rabo suka tarar: akwai masu zaman jama'a, irin su Belonogaster da ke ko'ina a Afirka, akwai masu zaman kansu, irin su Sceliphron spirifex wanda Linnaeus ya rubuta tun 1758, shi ne dai na bangon soronmu. Kakanninmu sun harbi daidai a nan.

To amma akwai ta uku, wadda rabon bai kai kanta ba. Na gan ta sosai a wani kango da ke bayan titin Kotu a Gyadi-Gyadi, da hantsi, cikin watan Agusta, ƙasa da sauran danshi. Baƙa ce wuluk, fukafukanta na sheƙi shuɗi-shuɗi idan rana ta doke su, ƙafafunta dogaye masu ƙayoyi. Ba ta shawagi a sama irin na rina. A ƙasa take aikinta: ta sheƙa a guje, ta tsaya cak, ta karkaɗa fukafuki, ta leƙa ƙarƙashin fasasshen bulo, ta fito, ta yi ɗan tsalle ta dira gaba kaɗan. Can sai ga ta tana tafiya da baya-baya, ta cafki gindin ƙafar wani gizo-gizo da ya fi ta girma tana jan sa a kan tsakuwa. Shi kuwa ƙafafunsa sun saki, ko motsi ba ya yi. Da ta iso gindin katanga sai ta ɗora shi a kan wata 'yar ciyawa, ta koma gefe ta shiga tono da ƙafafun gaba, rairayi na fita ta tsakanin na baya.

Ɗan ƙanwata da ke tare da ni ya ja da baya. "Kawu, rina! Bari in ciro takalmi." Wani dattijo mai gadin gidan maƙwabta ya leƙo ya ce, "A'a, ɗan nan, baƙin zanzaro ne. Ƙyale shi ya yi aikinsa." Kowannensu ya ɗauko sunan da ya fi kusa da hannunsa, kowane suna kuma ya zo da hukuncinsa. Na yaron ya ce a kashe, na dattijon ya ce a bari. An ce suna linzami ne, kuma a sha'anin ƙwari linzamin nan hannunmu yake juyawa, ko ya kai shi ga takalmi ko ya mayar da shi aljihu.

Dattijon ya fi kusa da gaskiya, sai dai shi ma bai kai ba. Fasa gidan zanzaro ka gani: kowane ɗan ɗaki cike yake da ƙananan gizo-gizo, an danna su ɗaya bisa ɗaya, kowanne an ɗauko shi a sama an kawo. Waccan baƙar kuwa gizo ɗaya tak take nema wa kowane ɗa, babba, wanda sau da yawa ba ta iya tashi da shi, dole sai ja. Zanzaro gini yake fara yi sannan ya tafi farauta. Ita, a yawancin irinta, sai ta kama sannan ta haƙa, shi ya sa take rataye naman a kan ciyawa don kada tururuwa su riga ta. In ramin ya yi, ta ja gizon ciki, ta manna masa ƙwai ɗaya a ciki, ta mayar da ƙasa, ta daddanna da ƙarshen jikinta, ta yi tafiyarta. Ba ta ƙara dawowa, ba kuma za ta taɓa ganin ɗan ba.

Danginta daban ne da na zanzaro. Masana na kiran su Pompilidae, iri kusan 5,000 ne a duniya, kuma dukansu da gizo-gizo suke renon 'ya'ya. A cikinsu akwai masu ban mamaki. 'Yan gidan Auplopus sukan datse ƙafafun gizon don ya yi sauƙin ɗauka, su kuma gina ɗan tulun laka, har mai kallo ya rantse zanzaro ne. 'Yan gidan Ceropales ba sa wahalar farauta: sai su faki idon wata tana jan nata, su cusa ƙwansu a ramin numfashin gizon, ɗansu ya riga ƙyanƙyashewa ya cinye ƙwan mai gida da abincin duka. Manyan cikinsu a Afirka su ne Hemipepsis, a nahiyar Amurka kuma Pepsis, masu kama manyan gizo-gizo masu gashi. Jihar New Mexico ta ɗauki ɗaya daga cikin Pepsis a matsayin ƙwaron jiha a 1989.

Yanzu ga wata kalma da Hausa ta ajiye a muhallinta: harbi. Ba ma cewa kunama ta ciji mutum. Kunama harbi take, haka rina, haka zuma. Sauro da ƙuma da kuɗin-cizo cizo suke, maciji kuma sara. Harbi daga baya yake fitowa, ta ƙari, da dafi. Cizo aikin baki ne. Malaman nahawun Larabci na zaure sun san cewa shahararriyar muhawarar Sibawaihi da Kisa'i a Bagadaza, zamanin Haruna Rashid, a kan wata jimla aka yi ta mai gwada harbin kunama da na zunburu, wato rina, har aka sa wa mas'alar sunan ƙwaron. Abin da ilmin halitta ya ƙara mana shi ne, ƙarin rina da zanzaro da zuma asalinsa bututun saka ƙwai ne da ya rikiɗa ya zama makami. Saboda haka namiji ba shi da shi. A cikin waɗannan ukun, duk wadda ta taɓa harbinka mace ce. Nahawunmu ya dace da ya mai da rina mace. Zanzaro kuwa muna cewa ya gina, ya kawo, ya toshe, alhali mai ɗauko lakar da mai farautar da mai toshe ƙofar duk uwa ce. Namijin yana can kan fure.

Harbin da take yi wa gizon ba na kisa ba ne. A ƙarƙashin ƙirji take soka ƙarin, inda jijiyoyin motsi suka taru, jikin ya shanye amma rai na nan. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa ajiye ɗanyen nama a zafin Kano: matacce kwana ɗaya ya isa ya ruɓe, mai rai kuwa zai jira. Tsutsar da ta fito daga ƙwan ba ta ci da garaje. Sassan da ba su riƙe rai ba take fara ci, ta bar zuciya da makamantanta sai ƙarshe, sannan ta saƙa wa kanta kwasfa ta kwanta har ta fito da fukafuki. A wasu irin ma uwa na auna girman abin da ta kama: in babba ne ta saka ƙwan mace, in ƙarami ne na namiji, don 'ya mace ta fi bukatar jiki. Wani malamin makaranta Bafaranshe, Jean-Henri Fabre, ya ƙarar da shekaru yana durƙushe a gonarsa yana kallon wannan aiki, ya rubuta shi cikin littattafai goma daga 1879 zuwa 1907. Charles Darwin kuwa, a wata wasiƙa ta 1860, ya nuna yadda irin wannan ci da rai da wasu dangin rina ke yi wa tsutsa ya dame shi ƙwarai. Ni ma nakan ji tausayin gizon idan na ga ana jan sa. Amma ban ga mugunta a ciki ba. Uwa ce da ba za ta rayu ta shayar ba, ta yi wa ɗanta tanadin da ba zai lalace ba.

Game da mutum fa? Wani masani Ba'amurke, Justin Schmidt, ya tsara ma'aunin zafin harbi daga 1 zuwa 4, ya ajiye ƙudan zuma a 2, Pepsis a 4. Zafin mai tsanani ne, amma cikin kamar minti biyar yake lafawa. Kuma tunda ba ta da gidan taro da za ta kare, ba ta bin mutum. Sai ka kama ta da hannu ko ka taka ta ba takalmi.

A nan ne kalmar mafarauci ta fara yi mana kaɗan. Wannan baƙar tana farauta, amma abincinta na yau da kullum ruwan fure ne. Naman na ɗa ne. Shi kuma ɗan ba ya cikin sahun kaska da ƙwarƙwata, masu shan jinin mai gida su bar shi da ransa, domin shi sai ya ƙarar da mai gidan. Masana sun ga wannan hali na tsakiya ya cancanci suna nasa, wani ɗan ƙasar Finlan, O. M. Reuter, ya raɗa masa a 1913. A Hausa za a iya cewa masu ajiye ɗa a jikin nama. Kada a ɗauka wannan gardamar malamai ce kurum. A Maraɗi, tun daga 2006, masu bincike na cibiyar INRAN sun riƙa raba wa ƙauyuka 'yan buhunan algarara da ke ɗauke da gero da tsutsotsi da matan wata mitsitsiyar rina mai suna Habrobracon hebetor. Ana rataye buhunan, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su bazu cikin gonaki, su riƙa shanye jikin tsutsar da ke cin zangarniyar gero suna saka mata ƙwai. An yi haka a Mali da Burkina Faso ma. Ka tsaya gaban manomi ka ce ka kawo masa rina ya rataya a bakin gona, ka ga irin kallon da zai yi maka. Kafin aikin ya karɓu sai an yi masa bayanin da suna mai kyau zai iya ɗauke rabinsa.

Ƙwaro na biyun da nake son gwada baƙar nan mai jan gizo da shi ya fi ta rashin gata wajen suna. Ita ko ba komai an ara mata na 'yan'uwa. Shi a bakin mutanen unguwa ƙwaro ne kawai, in an matsa a ce buzuzu, in dare ne aka gan shi a guje a ce kyankyaso a ɗauko fiya-fiya. Kalmar ƙwaro buhu ce mai faɗin baki: ta ɗauki na cikin wake, ta ɗauki na cikin haƙori, har gwanin lissafi muna cewa ƙwaro ne. Buzuzu kuwa mun san shi, ƙulu-ƙulu, mai nauyin jiki, mai ƙugi idan ya tashi, danginsa ne ke gungura kashi. Wanda nake magana ba haka yake ba ko ta ina.

A gefen kasuwar Tarauni, daren da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, shinge ya taso ya rufe fitilar wani mai shago, yana zubowa ƙasa fukafukai na karyewa. Yara na tara shi a kwano. Daga ƙarƙashin wani katako sai ga wani baƙi mai sheƙi ya fito, tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa ba, jikinsa shafaffe, bayansa da zane-zane a tsaye daga wuya har ƙarshe, kansa ya fi kafaɗarsa ƙanƙanta, muƙamuƙai biyu a gaba masu lanƙwasa. Gudunsa ba irin na kyankyaso ba ne mai neman maɓuya. Wajen shingen ya nufa. Ya cafki ɗaya ta tsakiya, ya ja shi gefen katakon, ya tsaya yana tauna. Kafin mai shago ya gama ba wani canji ya koma ya ɗauko na biyu. Ba rami, ba ƙwai, ba ajiya. Ya kama, ya ci, ya ƙara gaba.

Wannan dangi su ne Carabidae, iri fiye da 40,000, wato sun ninka dangin waccan sau takwas. Da rana suna ƙarƙashin dutse ko bulo ko tarin ganye, da dare su fito. Ba su da ƙari, saboda haka ba sa harbi. Da baki suke aiki. Ba sa zaɓen nama kamar yadda ita ta tsaya kan gizo-gizo kaɗai: tsutsa, gara, ƙwan fara, dodon-koɗi, duk abin da suka fi ƙarfi. Wasunsu ma 'ya'yan ciyawa suke ci, abin da ke rage wa manomi noma. Bambanci mafi girma shi ne, a nan uwa ba ta yi wa ɗa tanadi. A ƙasa take saka ƙwai, tsutsar ta fito da nata muƙamuƙan ta shiga farautar kanta tun ranar farko. Ita waccan makonni kaɗan take yi a duniya bayan ta yi fukafuki, manyan waɗannan kuwa sukan wuce shekara.

Wanda ya raɗa wa dangin suna a 1802 shi ne Pierre André Latreille, shi ne kuma ya raɗa na Pompilidae bayan 'yan shekaru. Labarinsa ya cancanci a tsaya a kai. Limamin coci ne, aka kama shi lokacin juyin juya halin Faransa aka tsare a Bordeaux ana jiran a kore shi daga ƙasa. Likitan gidan yari ya same shi yana ƙura wa wani ɗan ƙwaro ido a ƙasa, ya ce masa wannan iri ne mai wuyar samu, Necrobia ruficollis. Likitan ya kai wa wani matashin masani, Bory de Saint-Vincent, shi kuma ya san ayyukan Latreille, ya yi ta kai gwauro da mari har aka sake shi. Sanin sunan ƙwaro ne ya fitar da shi.

Sunayen nan na boko su ma aro ne, kada kwarjininsu ya ruɗe mu. Pompilus, wanda wani masani, Fabricius, ya sa a 1798, daga sunan wani kifi ne a harshen Girka, mai bin jiragen ruwa. Carabus ma daga Girkancin ne, kalmar da suke kiran wani ƙwaro mai ƙaho da ita, suna kuma kiran wani abin teku mai ɓawo da ita. Ashe aro ba aibi ba ne. Abin da ya ba sunayensu ƙarfi shi ne kowanne an ɗaure shi da siffa a rubuce da samfuri a ajiye, ba zai zame ya koma kan wani ba. Namu aron kuwa da mai shi a raye, yana zaune kusa, saboda haka laifin rina ya hau kan marar laifi, ƙazantar buzuzu da ta kyankyaso ta hau kan mai cinye mana ƙwari.

In babu ƙari, da me ɗan dangin Carabidae yake kare kansa? Da sinadari, kuma ta baya. Manyan da ake kira Anthia, baƙaƙe masu ɗigon fari da ke yawo a busassun ƙasashen Afirka har da yankinmu na Sahel, tsawonsu kan kai santimita 5, suna fesa asid irin na jikin tururuwa nisan kusan santimita 30, kuma fuska suke nufa. Mutanen Afirka ta Kudu sun sa musu suna mai ma'anar mai fitsari a ido. Tsoronsu ya kai har wani ɗan ƙadangare na hamadar Kalahari, yana ƙarami, yake zama baƙi da ɗigon fari yana tafiya a ƙage irin tasu don tsuntsaye su ƙyale shi. Wasu masana biyu, Huey da Pianka, su ne suka bayyana haka a 1977. Darwin da kansa ya ɗanɗana. Yana ɗalibi a Cambridge, ya kama wasu ƙwari biyu hannu bibbiyu, ya hango na uku, ya jefa ɗaya a baki don ya sami hannu, sai na bakin ya watsa masa ruwa mai ƙuna a harshe, ya tofar, na ukun ma ya tsere.

Akwai waɗanda suka fi haka, irin su Pheropsophus masu launin ɗorawa da baƙi da ake samu a wurare masu danshi a Afirka ta Yamma. A cikinsu akwai jakar ruwa mai haɗe da sinadarai biyu da kowa ya sani a wata siffa: ɗaya shi ne ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi a kemis, ɗayan kuma yana cikin wasu mayukan bilicin. In an taɓa ƙwaron sai ya tura su wani ɗan ɗaki mai kaurin bango inda wasu sinadaran ke tayar da su, nan take su tafasa su kai digiri 100, su fito da ƙara da ɗan hayaƙi. Thomas Eisner na Jami'ar Cornell da abokan aikinsa sun auna na wani iri daga Kenya, suka ga feshin ba zuba ɗaya ba ne, bugu-bugu ne kusan sau 500 a daƙiƙa. A nan ma ya kamata a wanke su daga wani zargi. Ƙunar fata mai tsawo da mutum kan tashi da ita da damina, wadda mukan ɗora wa tautau, sau da yawa aikin wani siririn ƙwaro ne mai ja da baƙi, Paederus, da ke zuwa wajen fitila, in aka murtsuke shi a jiki ruwansa ya ƙona. Shi ba ɗan wannan dangi ba ne.

Su biyun abu ɗaya suke bukata a wurinmu, wato ƙasa. Ƙaramar hukumar Tarauni murabba'in kilomita 28 ce, ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 221,367, kuma duk wanda ya san Gyadi-Gyadi da Darmanawa da Daurawa da Unguwa Uku ya san abin da aka ƙara ginawa tun daga lokacin. Tsakar gidan da a da ake sharewa a yayyafa ruwa yanzu siminti ne ko intalok. Ita mai jan gizo tana da fukafuki, in ta rasa wurin tono a nan ta tsallaka katanga ta nemi wani. Shi kuwa da yawa daga manyan danginsa, har da Anthia, murfin bayansu a manne yake, ba sa tashi sam. Kwalta da kwata sun isa su raba shi da 'yan'uwansa har abada. Abin da ya rage musu shi ne kangaye, da maƙabarta, da filayen makarantu, da gefen lambuna irin na Gidan Zoo, da gonakin gwaji irin na cibiyar IITA da ke titin Sabo Bakin Zuwo inda ake binciken wake.

Wasu ƙasashe sun daɗe da sanin amfanin dangin Carabidae. Tsakanin 1905 da 1910 Amurka ta yi ta shigo da Calosoma sycophanta daga Turai don ya cinye tsutsar da ke ƙarar mata da ganyen itatuwa. Manoman Ingila sukan bar kunya guda mai ciyawa a tsakiyar gonar alkama, ba a nome ta, ba a fesa mata magani, don waɗannan ƙwari su sami wurin fakewa da sanyi su fito da bazara. Mu kuwa tun da tsutsar masara ta shigo Nijeriya a 2016 feshi muke ƙarawa, kuma maganin da ya sauka a ƙasa mafaraucin da ke yawo a kanta yake fara samu. Malamin gona da zai ce wa manomi ya rage feshi don kare ƙwaro, me manomin zai ji? Ƙwaro ai shi ne abokin gaba.

Tsirrai sun yi sa'a. Tun 1916 J. M. Dalziel ya tattara sunayensu na Hausa ya jera su da na boko. Ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 sun adana mana kalmomi masu yawa, amma ƙamus kalma yake bi, ba ya bin ƙwaro da kwalba. Aikin da ake bukata na mutum biyu ne tare, masanin harshe da masanin ƙwari, su ɗauki samfuri su zauna da tsofaffin manoma da makiyaya da mata masu sussuka, a ƙasar Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram, a nuna a tambaya a rubuta. Mutumin karkara ya fi ɗan birni sunayen ƙwari nesa ba kusa ba, kuma duk inda aka sami sunan gado shi ne gaba da na ƙirƙira.

Kafin nan, ɗan birni na bukatar abin da zai kira su da shi, kuma Hausa ba ta rasa hanyar raɗi ba. Ta kalli buɗewa da rufewar fukafuki ta ce malam-buɗe-littafi. Ta kalli aiki ta ce gungura-kashi. A kan wannan hanya nake ganin baƙar nan ja-gizo ce. Sunan gajere ne, yaro zai riƙe, kuma ya faɗi abin da ido ke gani wanda rina da zanzaro ba sa yi. A ce ja-gizo ta wuce, ta tona, ta binne, a bar ta a mace tunda mace ce ke aikin. Shi kuma na ƙasa, mai kwana da rana ya fito da dare yana zaga lungu yana kama ɓarayin gona, ban ga abin da ya fi dacewa da shi ba irin ɗan-sintiri. Na san suna ba ya kama ƙasa don wani ya rubuta shi a mujalla. An ce na'ura mai ƙwaƙwalwa, bakin mutane ya zaɓi kwamfuta. Amma jirgin sama ya zauna, wayar hannu ta zauna, domin sun faɗi abin da kowa ya gani. Masu shirin noma a rediyo su ne za su fi kowa iya gwada waɗannan biyun a kunnen jama'a.

Ja-gizo ba ta da wuyar gani: gindin katanga mai rairayi, da hantsi zuwa azahar, daga Yuli zuwa Oktoba. Ɗan-sintiri sai an yi masa dabarar da masana ke yi. A sami gwangwanin madara, a haƙa rami a gefen lambu ko kango, a binne shi bakinsa daidai da ƙasa, a jefa ɗan busasshen ganye a ciki, a ɗora fale-falen katako a kan duwatsu biyu don ruwa kada ya shiga. Da asuba a duba. Wanda ya faɗa ba ya iya hawa santsin gwangwanin. A juye shi a faranti, a duba muƙamuƙan da zanen bayan da dogayen ƙafafun, sannan a sake shi inda aka kama shi. In mai ɗigon fari ne ko mai launin ɗorawa da baƙi, kada a ɗauke shi da hannu, kada kuma yara su sunkuyar da fuska kusa da shi.